Jelar Riga Goma Sha Huɗu

A bukkar farautar gidan Kepner, can cikin duwatsun gundumar Potter, akwai bangon katako guda da ba a rataya masa komai sai jelar riga. Duk wanda ya harbi barewa ya kuskure, da an dawo da yamma tsoho Orval zai zaro almakashi daga aljihu, a rirriƙe mai laifin ana shewa, a datse masa ƙasan rigarsa ta baya, a rubuta suna da shekara a jiki, a kafe da ƙusa. Al'ada ce da muka taso muka tarar, ba wanda ke fushi. Sai dai a cikin jeloli talatin da ɗaya da ke bangon nan, goma sha huɗu na mutum ɗaya ne, wato Curtis, ɗan Orval na biyu.

Curtis mai walda ne, shekararsa arba'in da ɗaya, kuma a kan ƙarfe hannunsa ba ya rawa ko kaɗan. Amma da an ce bindiga, shi ne abin dariyar gidan. Har matarsa ta daina bari ya tafi daji da rigar kirki. Shi kuwa ya daɗe da yanke wa kansa hukunci cewa haka aka halicce shi: wasu an ba su ido, shi ba a ba shi ba. In ana yi masa dariya ya taya su, in ya shiga mota shi kaɗai sai abin ya yi ta cin sa.

'Yarsa Tessa ta cika shekara goma sha biyu a watan Satumba, ta kai shiga daji ke nan. Yarinyar tana da hannu. Da 'yar bindigar nan ta harbin zomo wadda ba ta shuri, Tessa na kakkaɓo murfin kwalba daga kan shinge a yadi hamsin, ta juyo tana hamma. Curtis ba shi da wani buri a shekarar nan da ya wuce guda ɗaya: kada sunan 'yarsa ya bi nasa a bangon nan.

To, amma gidan Kepner yana da tasa ƙa'idar. Kowane yaro da bindigar Orval yake farawa, tsohuwa mai nauyi da ke cin harsashi mai lamba .30-06. Sunanta Alfadari, kuma duk wanda ya taɓa ɗora ta a kafaɗa ya san dalilin sunan. Tabon da ke saman girar Curtis ta dama, mai kama da jinjirin wata, aikinta ne. Ranar da ya fara harba ta yana ɗan shekara goma sha biyu, ta yi baya da ƙarfi, bakin madubin saitin ya sare shi, sai da aka yi masa ɗinki huɗu. Jini na zuba Orval ya dafa shi ya ce yau ya zama ɗan gida. Wansa Boyd ma yana da irin tabon. Tambarin gida suke ce masa, kuma Curtis alfahari yake da shi.

Wata Asabar cikin Oktoba suka nufi shagon bindigogi na Loretta su uku, Curtis da Tessa a baya, Orval a gaba rungume da Alfadari cikin jakarta. Shawarar da aka yanke ita ce a sayo wa Tessa sabuwar bindiga gajeriya daidai hannunta, amma mai cin harsashin Alfadari, sannan ta ɗanɗana tsohuwar sau ɗaya don a cika al'ada.

Loretta ta haura saba'in, ajinsu ɗaya da Orval a firamare, kuma tun lokacin ba ta raga masa. Ta saurari bayanin Curtis har ƙarshe, ta dubi Tessa sama da ƙasa, sannan ta ciro harsasai biyu ta tsayar da su a kan teburin shagon. Ɗaya dogo ne kamar babban yatsan Curtis na tsakiya. Ɗayan bai kai shi tsawo ba, kuma kansa siriri ne.

"Wannan naku ne," in ji ta. "Wannan kuma .243. Shurinsa rabin na wancan ne, kuma yana kayar da barewa lafiya lau. Ku sani, bindiga in ta rage nauyi, shurinta ƙaruwa yake yi. Ku sa babban nan a 'yar gajeriyar bindiga, wallahi sai ta fi Alfadari mugunta. Yarinyar da iska in ta taso sai an riƙe ta?"

Orval ya ɗauki ƙaramin, ya juya shi, ya ajiye yana taɓe baki. "Na harbin ɓeraye ne wannan. Jikata ba za ta shiga daji da kayan wasa ba."

"Barewa ba ta iya karatu ba, Orval, balle ta duba lambar harsashi. Inda ya shiga shi ne magana."

"Ke dai sayar da kayanki. Mu mun san yadda muke rainon 'ya'yanmu."

Loretta ta juya ga Curtis. "Kai ne ubanta. Me ka ce?"

Curtis ya shafa tabonsa ba tare da ya sani ba. "Ki ba mu babban, Loretta. Haka dukkanmu muka fara."

"Ai ina ganin yadda ka fara, ga shi nan a goshinka. Jela nawa yanzu? Sha uku?"

"Sha huɗu," in ji Orval, har da 'yar dariyarsa.

Kunnuwan Curtis suka yi zafi. A gaban 'yarsa! Loretta kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta kwashi abin toshe kunne guda huɗu, ta ce su biyo ta bayan shago.

A can akwai tebur da benci, da buhun yashi na ɗora bindiga, sai allo a yadi ɗari an manna masa takarda mai baƙin ɗigo a tsakiya. Loretta ta karɓi Alfadari, ta juya musu baya ta zuba mata harsashi uku, ta ɗora ta a kan buhun.

"Zauna, Curtis. Kafin yarinya ta taɓa, ka nuna mata yadda ake yi."

Tessa ta ciro wayarta ta tsaya daga gefe tana ɗaukar sa bidiyo, wai don ta koya. Curtis ya zauna, ya manna kumatu, ya ja numfashi. Harbin farko ya girgiza tebur, ya huda takardar can ƙasa ta hagu, kusa da baki. Na biyu ko takardar bai taɓa ba, ƙasa kawai ta tashi a gaban allon. Orval ya yi gyaran murya. Curtis ya cije baki, ya tura na uku, ya saita, ya ja kunama.

Ƙas!

Iyakar ƙarar da aka ji ke nan, ƙarfe ya bugi ƙarfe. Curtis ya ɗago. "Wannan ya ƙi tashi."

"Ba zai tashi ba," in ji Loretta. "Matacce ne, babu albarushi a ciki. Ni na sa shi."

Curtis bai gane ba. Ya dubi Tessa, sai ya ga ta sauke wayar, baki a buɗe, tana kallon sa kamar ba ta san shi ba.

"Baba, me ya sa ka rufe ido?"

"Wa? Ni? Ban rufe ido ba."

"Ka rufe, Baba. Duka biyun."

"Haba Tessa, wa ke harbi ido a rufe?"

Ba ta yi musu ba, ta miƙa masa wayar. Curtis ya karɓa yana shirin yin dariya. Ya ga kansa zaune, kumatu a manne, yatsa na matsawa a hankali. Kafin yatsan ya kai ƙarshe, sai mutumin da ke cikin wayar ya runtse idanu gam, fuskarsa ta yamutse, wuyansa ya shige cikin kafaɗu, ya banko kafaɗarsa gaba kamar mai tare ƙofa. Bakin bindigar ya nutsa ƙasa fiye da taƙi guda. Babu ƙara, babu hayaƙi, babu abin da ya taɓa shi. Ga shi nan dai ƙato guda, ido a rufe, yana jiran duka.

Ya maido hoton baya ya sake kallo. Ya sake.

"In da ƙarar da shurin, ba mai gani," in ji Loretta, muryarta ta yi laushi. "Kai kanka ba za ka sani ba. Jikinka ya san abin da ke zuwa, sai ya riga shi gudu. Faɗa mini gaskiya, ka taɓa ganin barewa a daidai lokacin da harsashinka ya tashi?"

Curtis ya buɗe baki zai ce ƙwarai, sai ya fasa. Ya shiga lalube a cikin kansa. Ya tuna babban namijin barewar nan na bakin rafi, ya tuna shi tsaye cikin madubi, sannan ya tuna farar jelarsa tana ɓacewa cikin itatuwa. Tsakani kuwa babu komai. Ya tuna na gangaren dutse, haka. Har ukun da ya taɓa kashewa a duk rayuwarsa, a kwance ya gan su, bai taɓa ganin faɗuwarsu ba. Shekara ashirin da tara yana shiga daji, ashe duk harbin da ya yi cikin duhu ya yi shi.

Yana cikin wannan hali Orval ya yi magana daga bayansa, a sake, kamar mai ba da labarin ruwan sama.

"Ai tun yana yaro haka yake yi."

Curtis ya juyo a hankali. "Me ka ce, Baba?"

"Rufe idon. Tun ranar da ta sare ka. Na ɗauka in ka girma za ka bari."

"Ka sani?"

"To ina tsaye a gefenka, ba zan gani ba?"

"Ka sani, Baba? Shekara ashirin da tara?" Muryar Curtis ta fashe. "Sau goma sha huɗu ana riƙe ni kana yanka mini riga, su Boyd na buga tebur, kana sane ba ka taɓa ce mini, yaro, buɗe idonka ba?"

Orval ya ɗaure fuska. "Namiji shi ke gyara kansa. Haka ubana ya yi mini, da wannan bindigar. Na mutu ne? Da kaina na bari."

"Ka bari?" in ji Loretta. Ta ɗauki mataccen harsashin daga kan tebur, ta haɗa shi da masu rai biyu a tafinta, ta karkaɗa. "To bismilla, ga benci. Zauna ka nuna wa ɗanka."

Orval ya dubi bencin, ya dubi allon da ke can yadi ɗari, ya sa hannu ya gyara hularsa.

"Kafaɗata na ciwo yau," in ji shi.

Wannan ya fi na farko gigita Curtis. Ya tsaya yana kallon mahaifinsa, mutumin da duk gundumar ke kira maharbi, sai abubuwa suka riƙa faɗo masa ɗaya bayan ɗaya. Tun yana yaro wurin zaman Orval a daji guda ne, gindin tsohuwar bishiyar tuffa, inda barewa ke zuwa cin 'ya'yan da suka zuba har ta kusa taka maka takalmi. Daga nan ko makaho ba zai kuskure ba. Bai taɓa ganin tsohon ya harbi wani abu daga nesa ba, bai taɓa ganin sa ya zauna gwaji a gaban mutane ba. Kuma duk shekarun nan, almakashin a aljihunsa yake.

Tessa ta ga manya sun yi cirko-cirko, ta ɗauka ita ce sanadi. Yarinya ce mai son a zauna lafiya. Sai ta zame ta hau bencin, ta jawo Alfadari da hannu biyu, da ƙyar ta ɗora gindinta a kafaɗa.

"Kaka, sa mini guda ɗaya. Zan iya, ba na tsoro. Sau ɗaya ne ai, ko?"

Fuskar Orval ta washe. "Yauwa, 'yar gida! Kun ji jinina." Ya laluba aljihu ya ciro dogon harsashi, ya matso.

Curtis ya dubi 'yarsa. Bindigar ta fi ƙarfin hannunta, don haka ta miƙa wuya gaba don ta samu gani, girarta ta dama na neman taɓa bakin madubin. Tazarar ba ta kai faɗin yatsa biyu ba. Ya san abin da zai biyo baya, ya san har yawan ɗinkin. Amma ba wannan ne ya tsinka masa zuciya ba. Idonta ne. Bindigar ko harsashi babu a cikinta, amma fatar idon Tessa ta fara tsukewa, kafaɗarta ta fara ɗagowa. Harbi biyu kawai ta tsaya ta kalla, har jikinta ya fara koyo.

Ya miƙa hannu ta saman kanta ya ɗauke bindigar gaba ɗaya.

"A'a."

"Curtis," in ji Orval, "ajiye mata."

"Na ce a'a, Baba." Tun da aka haife shi bai taɓa faɗa wa tsohon wannan kalma ido cikin ido ba, har shi kansa sai da ya tsorata da jin ta. Ya tura Alfadari cikin jakarta, ya ja zif, ya miƙa wa mai ita. "Ga kayanka. Loretta, kawo mana ƙaramin."

"Na ɓeraye?" in ji Orval.

"Shi."

Orval ya karɓi jakar, ya juya ya tafi mota, ya zauna a ciki ya rufe ƙofa. Ba wanda ya bi shi.

Loretta ta kawo gajeriyar bindiga mai cin .243, ta gyara wa Tessa zama, ta ja mata kai baya kaɗan, ta ce ta fara jan kunama sau biyar babu harsashi. Sannan ta sa mata guda. Curtis bai dubi allo ba sam. Ya durƙusa a gefen tebur yana kallon idon 'yarsa. Bindigar ta tashi, kafaɗar yarinyar ta ɗan motsa, idon yana nan a buɗe tar.

"Iyakarsa ke nan?" in ji Tessa. "Ai ɗan Baffa Boyd ya fi wannan naushi."

Ta harba uku. Da suka taka zuwa allon, ramukan uku suna manne da juna a gefen baƙin ɗigon, murfin kwalba zai rufe su. Tessa ta yi tsalle, sannan ta kama hannun babanta.

"Baba, gwada tawa. Ba ta da zafi ko kaɗan, na rantse."

Ya zauna. Ya ce wa kansa wannan 'yar aba ce, yanzu ya ga yarinya ta harba tana dariya. Ya ce wa idanunsa su tsaya. Ya ja kunama, bindigar ta ɗan dafa masa kafaɗa kamar mai gaisuwa. Ya ɗago ya dubi Tessa, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Ba sai ta faɗa ba, ya sake rufe idon.

"Tsoron nan ba a rana ɗaya ya shiga ba," in ji Loretta. "Ka riƙa zuwa kana jan kunama a kan matacce. Wasu shekara guda ya sake su. Wasu kuma, gaskiya, ba ya saki."

Orval bai ba da haƙuri ba, kuma wanda ya san tsofaffinmu ba zai jira hakan ba. Sun gwammace su zo su gyara maka tayar mota da su ce sun yi kuskure. Sati biyu bai kira ba, ran nan sai ga shi ya zo ya ajiye wa Tessa wuƙar fiɗarsa a kan teburin kicin, ya sha kofi, ya yi zancen tsadar itacen wuta, ya tafi.

Ranar buɗe farauta, Asabar ɗin da ke bin bikin godiya na shekara a ƙarshen Nuwamba, an yi 'yar dusar ƙanƙara. Curtis ya fito daga bukka da rigarsa mai ruwan lemo, hannu rabbana, sai kwalbar koko mai zafi. Boyd ya gan shi ya kwashe da dariya.

"Ina bindigar, maharbi? Yau rigarka ta huta ke nan!"

"Ta huta," in ji Curtis, ya wuce.

Suka zauna shi da Tessa a jikin wani faɗaɗɗen kututture a saman gangare. Wajen ƙarfe tara, namijin barewa ya fito daga cikin itatuwa a kamar yadi tamanin, ƙaho mai rassa shida, yana tafe yana shinshinar ƙasa. Tessa ta ɗora bindiga a kan kututturen. Curtis ya ji numfashinta ya tsaya, ya ji tsohon abin nan ya taso masa daga wuya, fatar idonsa na neman haɗuwa. Sai ya sa babban yatsa da manuni na kowane hannu ya buɗe idanunsa ya riƙe, kamar yaro mai tsokana.

Bindigar ta tashi.

Ya ga gashi ya yi fal a bayan kafaɗar dabbar. Ya ga ta zabura sama, ƙafafun baya sun shuri iska, ta ruga kamar taku ashirin kai a ƙasa. Ya ga ƙafafun gaba sun lanƙwashe, ƙirji ya daki ƙasa, ƙanƙara ta tashi fara fat ta sauko a hankali a kan bayanta. Ya ga kunne ɗaya ya motsa, ya daina. Ashe haka abin yake. Abin da ya yi shekara ashirin da tara yana fitowa nema cikin sanyi ke nan, bai fi ƙirga biyar ba, kuma akwai ban tsoro a cikinsa da ban tausayi da ba wanda ya taɓa gaya masa.

Tessa ta juyo, fuskarta ta yi fari. Ta ga babanta zaune da yatsu a ido, hawaye na bin bayan hannunsa.

"Baba? Ka gani?"

Ya sauke hannayensa daga fuskarsa.

"Na gani, 'yata," in ji shi. "Na gani."